Yadda ake ɗaukar hoton tsohuwar bindigar gado: zaɓen haske da shimfiɗa

A gidaje da dama na jihar Kebbi, daga Argungu zuwa Gwandu, daga Yauri zuwa Zuru, akwai bindigar toka da ta shekara da shekaru ba a harba ta ba. Wata tana rataye a ɗakin tsoho, wata tana ƙarƙashin gado naɗe da buhu. Wasu maƙeranmu ne suka ƙera su, wasu kuma daga Turai suka zo, suka bi hannun fatake daga bakin teku har suka iso arewa, da hatimin masana'antarsu a jiki. Wanda ya shiga Gidan Tarihin Kanta a Argungu, wanda fadar sarki ce har zuwa 1942 kafin a mai da ita gidan tarihi a 1958, ya ga irinsu jere da masu da takubba da kwari da baka. Na gidajen mutane kuwa ba mai lissafinsu, kuma tsatsa da gara ba sa jira.

Shi ya sa nake son duk mai irin wannan gado ya yi mata hoto na kirki. Abin da aka saba yi shi ne a shimfiɗa bindigar kan tabarmar roba mai zane, a kunna filashar waya, a danna. Sai bututun ya fito da farin tabo kamar an watsa masa fenti, ƙotar ta yi baƙi ƙirin, rubutun jikin ƙarfen ya ɓace. Laifin ba na wayar ba ne. Ƙarfe madubi ne, abin da ke gabansa yake nunawa. Idan ƙaramin haske mai zafi ne a gabansa, ɗigo mai kashe ido za ka samu. Idan faffaɗan haske mai laushi ne, sai jikinsa ya bayyana gaba ɗaya. Dukan aikin da ke gaba kan wannan ya doru.

Kafin a taɓa kyamara

Nemi izinin mai ita tukuna. In ta gidanku ce, ka je wa babba da ladabi: "Baba, a ba ni izini in sauko da bindigar Kaka in yi mata hoto, don jikoki su san ta." Yawancin dattawa ba sa ƙi, kuma a nan ne labarinta zai fara fitowa.

Sannan ka ɗauka a ɗure take har sai an tabbatar da akasin haka. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta, ba a buɗe ta a leƙa kamar ta zamani, kuma albarushin da ya kwana a ciki shekaru masu yawa yana iya tashi. Mafarauta kan rataye ta a ɗure, mai ita ya rasu, magada ba su sani ba. Ga yadda ake gwadawa: a juya bakin inda ba kowa, a zura sandar ɗuri a hankali har ta tsaya, a yi alama daidai bakin, a zaro ta a jera ta da bututun daga waje. Idan ba ta kai kusa da ƙaramin ramin da wuta ke shiga ba, akwai abu a ciki. A nan ka tsaya, ka kira maƙerin da ya san aikin ko tsohon mafarauci. Kada ka leƙa bakin, kada ka ja kunama don gwaji, kuma a fitar da yara daga wurin har a gama.

Akwai kuma maganar doka da halin da ake ciki. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta shafi har bindigar toka, don haka ka tambayi 'yan sanda matsayin taku game da lasisi. Kowa kuma ya san yadda batun tsaro yake a Kebbi da maƙwabciyarta Zamfara. Hoton saurayi riƙe da bindiga yana iya jawo masa fassarar da bai yi niyya ba. Bindigar ita kaɗai za ka ɗauka, kwance, ba a hannun kowa ba. Ka kashe na'urar nuna wuri a kyamarar wayarka, domin tana liƙa wa hoton adireshin inda aka ɗauke shi, kuma kada ƙofar gida ko wata alamar unguwa ta fito a bayansa.

Abu na ƙarshe kafin haske: kada ka goge ta. Na san zuciya tana so a kawo sanfefa da man goge tagulla a sa ta ƙyalli, amma wannan duhun da ƙarfe ya yi da santsin da hannu ya bar wa ƙota su ne shaidar shekarunta, kuma abin da aka kankare ba ya dawowa. Buroshi mai laushi da tsumma busasshe sun isa su ɗauke ƙura. Kada a shafa mai dab da ɗaukar hoto, don yana ƙara ƙyalli yana kama ƙura. Ka sa safar hannu mai tsabta, gumin yatsa yana barin tabo da ke fitowa ƙarara a hoto, daga baya ya zama tsatsa.

Neman haske

Hasken da ya fi kowane kyau kyauta ne: ƙofar zaure ko babbar taga da rana ba ta faɗowa ciki kai tsaye. Abin da ke shigowa a nan hasken sararin sama ne, mai faɗi, marar kaifin inuwa. A yankinmu ƙofar da ke duban arewa ita ce ke cikin inuwa yawancin shekara, amma daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana tana bi ta ɗan arewa da kai, don haka a lokacin ƙofar kudu ta fi. Ƙofar gabas da yamma ma suna aiki, sai dai a bi lokaci: ta gabas da la'asar, ta yamma da hantsi. Gwajin mai sauƙi ne. Miƙa hannunka a inda za ka kwantar da bindigar. Idan inuwarsa ta fito da kaifin baki har kana ƙirga yatsu, hasken ya yi zafi. Idan ta fito a narke, ka sami wuri.

Guji tsakar rana a fili. Guji kuma gindin dogon yaro, ko da yake inuwarsa tana da daɗi, domin hasken da ke ratsa ganye yana yi wa ƙarfe dabbare-dabbare, ga koren da yake zubawa. Ƙarƙashin rumfar kwano da gefenta a buɗe ya fi shi nesa ba kusa ba. Ranar da hadari ya rufe sama ba a yi ruwa ba, dukan tsakar gida ta zama wurin aiki. Hazon hunturu ma yana tausasa rana, sai dai yana sa hoto ya yi rawaya, kuma ƙura tana sauka kan ƙarfe tun kana saita kyamara, don haka buroshi ya zauna a hannunka.

Yanzu dubi bango. Ginin jar ƙasa yana jefa wa ƙarfe ja, ɗaki mai shuɗin fenti ko kore yana rina shi da launinsa, ido ba ya lura amma kyamara ba ta yafewa. Rataya farin yadi a bangon da ke fuskantar bindigar. Har tufafinka suna cikin lissafi: in ka tsaya a kanta da jar riga, za ka ga jan layi a bututun. Sa baƙa ko mai ruwan toka.

Yadda za ka kwantar da ita game da ƙofar yana da muhimmanci ƙwarai, don bindigar toka doguwa ce, wata tana kai mita ɗaya da rabi. Haske yana raguwa da sauri: abin da ke mita 2 daga fitila kashi ɗaya cikin huɗu yake samu na abin da ke mita 1. Idan ka nuna bakinta ga ƙofa, ƙotar tana can ciki, gefe ɗaya zai ƙone ɗaya ya nutse. Kwantar da ita a gicciye, tsawonta yana bin faɗin ƙofar, yadda baki da gindi suke nisa ɗaya da hasken. Sa bayan bindigar, wato saman bututu, ya fuskanci ƙofar, kai kuma ka tsaya ta ɓangaren kunama. Hasken da ya zo daga baya da sama haka shi ke zana dogon layi mai laushi a kan bututu, wanda ke nuna zagayensa.

Ɓangaren da ke wajenka zai yi duhu. Maganinsa farin kwali, irin wanda ɗalibai ke saye a shagon littattafai. Jingina shi a gabanta yana fuskantar ƙofa, ya mayar da haske cikin inuwar. Matsa shi kusa, ja shi baya, karkata shi, idonka na kan allon waya, za ka ga kunama da zoben da ke kare ta suna fitowa daga duhu. Kada ka cika har inuwa ta mutu gaba ɗaya. Ɗan duhun nan shi ke ba wa abu kauri. Takardar azurfa ta naɗe abinci tana mayar da haske fiye da kwali, amma sai an cukuikuye ta an sake warwarewa, in ba haka ba tabo take yi.

In rana ta ƙi, tana faɗowa ta ƙofar, rataya farin yadi marar kauri a bakin ƙofar gaba ɗaya. Yadin ya zama shi ne fitilarka. Kusantarsa da bindigar shi ne laushin hasken. Nisansa shi ne kaifinsa. Mutane da yawa suna zaton akasin haka.

Akwai kuma amfanin baƙin kwali, wanda ba kowa ya sani ba. Zoben tagulla da ke ɗaure bututu da ƙota, ko ƙusoshin ado da aka jera a gindi, idan fari kawai suke gani sai su zama fari fat, bakinsu ya narke cikin shimfiɗa. Yanka siririn baƙin kwali ka riƙe shi a gefe, wajen da kyamara ba ta gani. Tagullar za ta ɗauki baƙin a gefenta, siffarta ta tsaya. Ka motsa shi a hankali har ka ga inda layin ya faɗa daidai.

Filashar waya a kashe ta, ba ta da wurin zama a wannan aikin. Tana dab da idon kyamara, don haka haskenta yana tafiya ya dawo kai tsaye.

Idan dole da dare za a yi, sami kwan LED guda biyu iri ɗaya, kamfani ɗaya. Duba kwalin: lambar 5000K zuwa 5500K ita ce mai kama da hasken rana, 2700K rawaya ce. In ka ga an rubuta CRI 90 ko sama, wannan ya fi nuna launi na gaskiya, kuma bambancin yana fitowa a jan katako. Kada ka haska bindigar da su kai tsaye. Juya su ga farin bango ko silin, ko ka sa yadi tsakaninsu da ita da ɗan rata don kada ya yi zafi. Kashe duk wata fitilar ɗakin, haɗa rawaya da fari yana ba da launin da ba ya gyaruwa. In ka ga ratsin duhu yana yawo a allo, bugun wutar lantarki ne. Sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/25, ko ka koma fitilar caji. Kyandir da fitilar kananzir kuwa kada su shigo ɗakin da ake taɓa bindigar toka da ƙahon albarushinta.

Abin da za ta kwanta a kai

Ka fara yanke shawara: hoton shaida kake so ko na ado? Na shaida shi ne wanda masani zai duba ya gane ƙirarta da shekarunta, wanda magada za su riƙe. Na ado shi ne na bango. Yi na shaida tukuna, ko da shi kaɗai za ka iya.

Ga hoton shaida, ba abin da ya kai yadi mai ruwan toka, marar zane, marar sheƙi. Dalilin a cikin kyamara yake. Tana auna hasken fili gaba ɗaya tana ƙoƙarin mai da shi tsaka-tsaki. In shimfiɗar fara ce, sai ta rage haske, bindigar da dama baƙa ce ta ƙara nutsewa. In baƙa ce, sai ta ƙara haske, ƙyallin ƙarfe ya ƙone. Ruwan toka yana tsakiya, ba ya ruɗa ta, kuma ba ya rina ƙarfe. Sayi yadi 3 a kasuwa don ya wuce tsawon bindigar ta kowane gefe. A goge shi da dutsen guga, a naɗe shi kan sanda maimakon ninkewa, domin hasken gefe yana tona kowane layin ninki.

Shadda ba ta dace ba, komai tsadarta. Sheƙinta da furanninta suna gasa da ƙarfe. Atamfa da darduma mai zane suna cinye siririn bututu har a rasa inda ya ƙare. Jan karan-miski da mutane ke so don kamar na sarauta ne yana zuba ja a cikin ƙarfe, kuma yana kwashe kowace ƙura. Tayil da leda suna walƙiya. Yashin bakin kogi yana da kyau a ido, na sani, musamman ga mutumin Argungu da ke son kogin Matan Fada ya fito a hotonsa, amma yashi yana shiga cikin kunama, ga danshi. Kada ka yi.

Fari yana da amfani idan za a buga hoton a takarda ko littafi. Sai dai ka ƙara haske da hannu, mataki ɗaya ko fiye, har shimfiɗar ta fito fara ba toka ba. Baƙi yana yi wa bindiga mai yawan tagulla ko azurfa kyau ƙwarai, amma ka rage haske mataki ɗaya, ka kuma tabbatar akwai layin haske a gefen ƙota, in ba haka ba baƙin katako ya haɗe da baƙin yadi. Ƙa'idar da nake bi ita ce shimfiɗa ta fi bindigar haske kaɗan idan baƙa ce, ta fi ta duhu kaɗan idan mai ƙyalli ce.

Ga hoton ado, nan ne kayan gida ke shigowa. Tsohon saƙi mai baƙin rini, ƙyauren katako da ya sha shekaru, buzun rago mai launi ɗaya, duk suna tafiya da bindigar toka domin zamaninsu ɗaya. Jar fatar akuya da dukawa ke aiki da ita tana da kyau, amma tana rina ƙarfe, kuma kada a bar bindiga ta kwana a kanta, fata tana jawo tsatsa. Za ka iya ajiye ƙahon albarushi da zabirar mai ita a gefe, abu biyu sun isa. Kada ka haɗa ta da harsashin zamani ko wuƙar kasuwa, ƙarya suke yi wa hoton. Layun da ke ɗinke a ƙota a bar su yadda suke, ba a cirewa, ba a buɗewa, sashen tarihinta ne.

Ɗaga ta daga shimfiɗar kaɗan. Kwalin ashana biyu ko guntayen katako, ɗaya ƙarƙashin ƙota ɗaya ƙarƙashin bututu, a ɓoye inda kyamara ba ta gani, da ɗan tsumma a kansu don kada su karce. Ratar santimita 3 zuwa 5 tana sa inuwa ta janye ta yi laushi, bindigar ta fito kamar za a ɗauka. Za ka ga tana son mirginawa saboda nauyin kunama. Cusa guntun soso a ƙarƙashi har gefenta ya fuskanci kyamara sosai.

Tsayuwar kyamara

Bayan wayar ya yi daidai da jikin bindigar, kada ya karkata, kuma ka tsaya daidai tsakiyar tsawonta. In ka tsaya wajen gindi, ƙotar za ta kumbura bakin ya tsuke. Kada ka yi amfani da idon 0.5x, yana lanƙwasa bututu har mai kallo ya zaci a karkace take. Na 2x ya fi, in wayarka tana da shi, amma yana buƙatar ka ja baya kamar mita 3, abin da ba ya yiwuwa daga sama sai da tsani. Hanyar da ta fi sauƙi: sami faffaɗan katako, lulluɓe shi da yadin, jingina shi a bango a ɗan kishingiɗe, kafa dogayen ƙusoshi biyu da aka naɗe da tsumma, ka ɗora bindigar a kansu. Sai ka ja baya ka ɗauka a tsaye. Tabbatar katakon ba zai zame ba. Tsohuwar ƙota tana tsagewa da faɗuwa ɗaya.

Hasken inuwa ba shi da ƙarfi, don haka rawar hannu za ta ɓata maka aiki. In ba ka da matsayar kyamara mai ƙafa uku, ɗora wayar kan turmi ko tebur ka tokare ta da littattafai, ka sa ta ƙirga daƙiƙa 3 kafin ta ɗauka. Goge idon kyamarar da gefen riga mai tsabta. Maiƙon yatsa shi ke kawo hazon da ake ɗora wa waya laifinsa. Taɓa allon daidai kan kunama ka riƙe har saitin ya kulle, sannan ka ja alamar rana sama ko ƙasa har layin hasken da ke kan bututu ya daina zama fari fat. Kashe saitin da ke dusashe baya, yana gutsure bakin bindiga da sandar ɗuri.

Mai babbar kyamara ya sa ISO 100, buɗin ido f/8 zuwa f/11, ya bar saurin ɗauka ya yi jinkirin da yake so tunda kyamarar a kafe take. Gilashin kashe ƙyalli da ake rubuta wa CPL yana cire walƙiyar ƙota ya fito da jijiyar katako, amma tasirinsa kan tsuran ƙarfe kaɗan ne, kada ka dogara da shi a nan. A hoton farko ka ajiye farar takarda a gefe; da ita za ka daidaita launi daga baya. A ɗaya daga cikin hotunan kuma ka miƙe tef ɗin tela a ƙasanta don a san tsawo.

Ɗauki gefen dama gaba ɗaya, gefen hagu gaba ɗaya, sama, ƙasa. Sannan ka matso.

Hatimi da rubutu

Nan ne aikin ke da daɗi, kuma nan ne ƙa'idar haske mai laushi ke juyewa. Hatimin da aka buga a ƙarfe rami ne marar zurfi, shekaru sun cinye rabinsa. Haske mai faɗi yana cika ramin ya shafe shi. Abin da kake so ƙaramar tocila ce, a kwance kusan daidai da fuskar ƙarfen, yadda hasken zai bi ta kai yana shafa, kowane rami ya cika da inuwa. Tura ƙyaure ɗakin ya yi duhu, kafa wayar kamar tafin hannu ɗaya daga wurin, sa wani ya riƙe tocilar. Ya fara daga dama, ka ɗauka, ya koma hagu, sama, ƙasa. Layin da ke bin hanyar haske ba ya fitowa, sai wanda ya gicciye ta, don haka harafin da ya ɓuya daga dama yakan bayyana daga sama. Za ka ga wurin da ka ɗauka tsatsa ce kawai ya fara nuna kambi, sannan harafi, ɗaya bayan ɗaya.

Duba gindin bututu kusa da kunama, da farantin ƙarfen da kunamar ke kai. Haruffan ELG a cikin da'ira mai siffar ƙwai hatimin gidan gwajin bindigogi ne na birnin Liege a Beljiyam. Idan akwai kambi a saman da'irar, daga 1893 zuwa sama aka gwada ta. Sanduna biyu a gicciye da kambi alamar Birmingham ce ta Ingila, inda aka kafa gidan gwajin a 1813. Kalmar TOWER da kambi tana yawan fitowa a farantin, amma ita kaɗai ba ta tabbatar da cewa ta sojan Ingila ce ba, domin masu ƙera bindigogin fatauci sun yi ta kwaikwayonta. Sau da yawa ma za ka tarar farantin na Turai ne, bututun ko ƙotar aikin maƙerin gida. Wannan ba aibi ba ne. Ɗauki wurin gyaran da kyau, ɗaurin waya, facin tagulla, ɗinkin fata, domin su ne ke nuna hannayen da ta bi.

Kada ka shafa alli ko hoda a cikin hatimin don ya fito. Tocila ta isa. Idan akwai lambar bindiga, yi mata hoto don ajiyarka, amma ka rufe wani sashenta a duk kwafin da zai fita hannunka.

Wanda ke son yin wannan aiki a gidan tarihi ko a fada, inda 'yan bindigar sarki ke ajiye nasu na hawan salla, sai ya nemi izinin masu kula da wurin, kuma ya yarda ba lalle a bar shi ya taɓa ba. In kayan na cikin gilashi, manna idon wayar a jikin gilashin, ka lulluɓa baƙin mayafi kewaye da ita, hoton ɗakin da ke bayanka zai ɓace.

Bayan an ɗauka

Gyara kaɗan ne. Miƙe hoton bututu ya kwanta daidai, yanke gefen da ya wuce, daidaita launi har farar takardar nan ta zama fara, ɗan buɗe inuwa. Kada ka sa launukan ado na manhaja, kada ka goge tsatsa ko tsaga. Hoton shaida da aka yi wa kwalliya ya tashi daga shaida. Ajiye na asali ba tare da taɓawa ba. WhatsApp yana matse hoto har hatimi ya narke, don haka in za ka aika wa masani, aika shi a matsayin fayil. Sa wa kowane hoto suna mai ma'ana, ka wanke biyu ko uku a takarda, ka rubuta a bayansu abin da dattijon gidan ya faɗa: wa ya mallake ta, farauta aka yi da ita ko hidimar fada, wane maƙeri ya gyara ta. In ya yarda, naɗi muryarsa a waya a zama ɗaya.

Hoto mai kyau yakan jawo masu tayi. Kafin a amsa wa kowa, a sani cewa dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Kayan Tarihi ta Ƙasa ta sa aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ba a sayar da su sai ga hukumar ko dillalin da ta amince da shi, ba a kuma fitar da su ƙasar waje sai da takardar hukumar. Ga dokar makamai kuma a kan cinikin. Duk wanda ya zo da kuɗi ba takarda, a tura shi ofishin hukumar.